Sadakar Baba Amidu

Duk wanda ya zauna a Zongon Lome ya san masar Salamatou, ko da bai san Salamatou ba. Tun tana amarya take suya a ƙofar gidan hayar da suke, da tanda ɗaya da murhu ɗaya da wata 'yar kujerar katako da ta lotsa daidai zamanta. Ba mace ce mai yawan dariya ba, kuma ba ta ba da gyara sai ta ga dama, amma masarta ba ta kai azahar. Abu ɗaya ne ba ta sayarwa: masar ƙarshen ƙullu, wadda ta ɗan yi tsami, ta ƙone a gefe. Wannan takan kwashe ta ta rufe a kwanon silba, ko wane ne ya zo ba zai samu ba. Ta maigidanta ce.

Maigidan nata shi ake kira Mai Agogo. Yana da ɗan tebur mai gilashi a barandar wani shagon atamfa a kasuwar Adawlato, inda yake wuni sunkuye da madubi maƙale a ido ɗaya. Sana'ar ta dace da shi, domin agogo ba ya neman a yi masa hira. Allah ya yi shi da i'ina mai tsanani, irin wadda kalma ke maƙale wa mutum har jijiyoyin wuyansa su tashi. Mu kuwa mutanen Zongo, Allah ya shirye mu, ba mu da haƙurin jira. In ya fara sallama, kafin ya kai rabi an amsa an wuce. In ya fara bayanin abin da ya lalace a agogo, sai mai agogon ya ƙarasa masa, ko daidai ko ba daidai ba. Yara su bi shi suna kwaikwayo, manya su tsawata musu suna danne dariya. A haka ya koyi gaisuwa da ɗaga hannu da murmushi, har aka manta yana da baki, sunansa na yanka ma ya bi ruwa. Salamatou kuwa ba za ta tuna wa kowa ba, don a tarbiyyar da ta taso da ita mace ba ta kama sunan mijinta. Maigida take ce masa, a gabansa da bayan idonsa.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san inda ba ya yi. Salamatou ta san abin da duk Zongo ba ta sani ba. In Maigida ya dawo da yamma ya rufe ƙofa, ya buɗe kwanon silba, sai ya fara ba ta labarin kasuwa, ba da muryarsa ba, da muryoyin mutane. Ya zama matar nan 'yar ƙabilar Mina mai shagon atamfa tana zagin ɗan dako. Ya zama Bazabarme mai sayar da albasa yana rantsuwa a kan faɗuwar da bai yi ba. Ikon Allah, muddin ya ari bakin wani, i'inar nan sai ta tafi yawo, magana ta riƙa zuba ba tuntuɓe. Matar da ake cewa ba ta dariya takan toshe baki da gefen zane har hawaye su zubo mata.

Bangon gidan haya ba ya riƙe sirri. A ɗakin da ke maƙwabtaka da su akwai wani Rachid, haifaffen Lome, wanda ya yi boko da Faransanci kuma yake aiki a wani ƙaramin gidan rediyo mai shirye-shiryen Hausa. Ya daɗe yana zaton baƙi ne ke cika ɗakin tsohon kullum da yamma. Ranar da ya gane mutum ɗaya ne, bai bar Mai Agogo ya huta ba sai da ya ja shi gaban makirufo. Tsohon ya yarda, amma da sharaɗi, kuma ya sa Rachid da Salamatou duka suka ɗauki alkawari: kada a taɓa faɗa wa kowa. Ya daɗe kafin ya iya fitar da dalilinsa da muryar kansa, su biyun kuma suka jira shi. Ya ce in mutane suka san shi ne, za su daina sauraron maganar, su koma jiran inda za ta maƙale.

Haka aka haifi Baba Amidu.

Wasan sunansa Bakin Famfo, ana sa shi kowace Lahadi bayan la'asar. Labarin wani gidan haya ne mai famfo ɗaya, inda mata da samari da tsofaffi ke haɗuwa a layin ruwa su yi faɗa su shirya. Baba Amidu shi ne tsohon da ke riƙe da makullin famfon, mai murya a sake, mai tsokana, wanda yake raba rigima da magana ɗaya ya bar masu faɗan suna jin kunya. Zongo ta ɗauke shi kamar kakanta. Masu zemijan, wato 'yan acaɓa, kan kashe babur a gindin bishiya su kasa kunne. Maza a teburin mai shayi kan ce wasan mata ne, amma ka taɓa rediyon a lokacin ka ga tashin hankali. A cikin wasan, duk sanda Baba Amidu zai sayi masa sai ya ce, "A ba ni ta ƙarshen ƙullu, mai ƙonannen gefe. Ita ce ta san wuta." Maganar ta shiga gari, har masu saye suka fara damun Salamatou da neman masar Baba Amidu. Takan ce babu, ta ƙara danne murfin kwanon silba. Aka ce rowa ce irin tata. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan, don wa zai kalli mutumin da ba ya iya ƙarasa sallama ya ji muryar Baba Amidu?

Shekaru suka tafi a haka. Sai Maigida ya fara rama, yana dafe gefen ciki in ya miƙe. A watannin nan ne ya matsa wa Rachid a riƙa ɗaukar sassan Baba Amidu da yawa ana ajiyewa, yana zuwa gidan rediyon ko da jikin ya ƙi. Ko ya san abin da yake tanada, ko bai sani ba, Allah ne masani.

Ya rasu da safe, a tsakiyar damina, ranar da ruwa ya cika layukan Zongo har gwiwa. Waɗanda suka raka shi makabarta ba su cika sahu biyu ba. Ɗansu Karim, direban babbar mota, yana hanyar Wagadugu. Kafin ya iso an rufe, ya kwana biyu ya koma bakin aiki. 'Yan ta'aziyya sun zo, ba a ce ba su zo ba. Kowa ya zauna kaɗan ya ce, "Allah sarki, bawan Allah, ba ruwansa da kowa," ya shafa fatiha ya tashi, don babu wani abin da za a ƙara faɗa a kansa. Ba mai labarinsa, ba mai tuna wata magana da ya taɓa yi. Wannan ya ci Salamatou fiye da yadda ta nuna.

Ta shiga takaba. Ta janye tandarta zuwa tsakar gida, ta ajiye kwalli da ɗan kunne, ba fita ba shiga. Ranar Lahadin farko bayan sadakar bakwai, maƙwabciyarta Hamdiya, wata mai sayar da wake da shinkafa, mai faɗi da babbar murya da zuciya mai saurin narkewa, ta shigo da mata uku ta ce, "Yaya, ba za mu bar ki ke kaɗai da tunani ba. Kunna rediyon nan mu ji Baba Amidu, ya ɗebe miki kewa."

Salamatou ta kunna. Kiɗan buɗe wasa ya wuce, aka ji ƙarar bokiti, sai ga muryar mijinta ta cika tsakar gidan, lafiyayye, yana tsokanar wata amarya da ta zo ɗiban ruwa da turare. Matan suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta riƙe ƙafar kujera don kada ta faɗi. Mutumin da ta ga an fita da shi a makara ga shi nan yana neman masar ƙarshen ƙullu. Daga ranar nan Lahadi ta zama abincinta. Sauran kwanakin mako jira ne kawai. Ta ci gaba da kwashe masar nan tana rufewa a kwanon silba, in yamma ta yi ta ba almajiri, ko duk mabuƙacin da ya fara leƙowa.

Takaba ta yi nisa, saura kaɗan ta fita, sai Rachid ya zo. Ya daɗe da barin gidan, ya yi aure ya koma unguwar Djidjolé. Ya tsuguna daga bakin ƙofa yana juya makullin babur a hannu.

"Mma, ina kwana. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa. Lafiya na gan ka haka?"

"Mma, abin da Baba ya bari ya ƙare. Makon jiya ma tsofaffin maganganunsa na yanko na jona, har an fara kira ana cewa Baba Amidu yana maimaita kansa. Na gwada wani ya yi muryar, wallahi ko ni ban iya saurara ba. Dole Baba Amidu ya rasu."

Salamatou ta ajiye cokalin juya masa. "Ka tura shi Makka mana. Ko ƙauye, wurin dangi. Ai mutane suna tafiya."

"In na tura shi tafiya za su yi ta jiransa, Mma."

"To su jira. Ni ba jiran nake yi ba?"

Rachid ya sunkuyar da kai. "Pardon, Mma. Ba ni kaɗai ke da wasan ba, an riga an yanke. Na ce bai kamata ki fara jin labarin a rediyo kamar kowa ba." Sai ya ɗago. "Ko in faɗa musu gaskiya? In sanar da ko wane ne?"

"Alkawari ka ɗauka, ni ma na ɗauka," in ji ta. "Bai ce sai ya mutu ba."

Lahadin ta zo, matan suka cika tsakar gida kamar kullum, ita kaɗai ta san abin da ke tafe. Aka fara wasa. Aka ji Baba Amidu sau ɗaya, daga nesa, yana cewa, "Ku rufe famfon nan, ruwa na zuba a banza." Ba wasiyya, ba ban kwana. Can sai wata 'yar wasa ta shigo a guje tana salati, wai ta je tashin Baba a kan bencinsa ta tarar rai ya yi halinsa, makullin famfo a hannunsa.

Hamdiya ce ta fara kurma ihu. Ta fizge ɗankwalinta ta jefar, ta ɗora hannu a ka. Wata tsohuwa ta riƙa cewa ƙarya ne, suma ya yi, a yayyafa masa ruwa. Daga gidajen maƙwabta ma kuka ke tashi, har wani mai wucewa ya leƙo yana tambayar wa ya rasu. Salamatou tana zaune a tsakiyarsu, idonta a bushe, hannayenta a kan cinya. Hamdiya ta faɗo jikinta tana kuka tana cewa, "Yaya, sun kashe mana shi! Uba ne, wallahi uba ne!" Matar da ke takaba ita ta riƙa shafa bayan mai kukan tana ba ta haƙuri.

Makon nan Zongo ba ta da wani zance. Aka buɗe layin waya a gidan rediyon, kira ya yi ta shigowa. Wani mai zemijan ya ce da ya ji labarin sai da ya sauke fasinja a unguwar Bè ya zauna a bakin kwata. Wata 'yar kasuwa daga Adawlato, da Hausarta ta koyo, ta ce Baba Amidu ne ya hana ta barin gidan mijinta, yanzu wa zai riƙa yi mata faɗa? Wani dattijo ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya rubuta wannan mutuwa. Samari suka yi ta tura saƙon murya a waya, rabi Hausa rabi Faransanci, ana zagin Rachid har iyayensa, sai da ya daina biyowa ta babban layi. Salamatou tana jin duka a rediyonta. Wani ɓangare na zuciyarta yana alfahari, wani kuma yana tafasa. Ga hawayen da ta nema ranar ruwan nan ba ta samu ba, ga shi ana zubar da su kamar ba a so, a kan mutumin da ba a taɓa haifa ba. Mijinta kuwa, mai nama da jini, ya yi shekara da shekaru yana wuce su a ƙofar gida.

Hamdiya ce ta kawo shawarar a yi wa Baba Amidu sadaka. Da farko an ɗauke ta wasa, amma kafin Alhamis mata sun haɗa shinkafa da mai da suga. Tun da Salamatou ba ta fita, aka ce a yi a gidanta, ita za ta soya masar.

"Amma Yaya, don Allah," in ji Hamdiya, idonta ya kumbura, "duka ki bar su su ƙone a gefe, yadda marigayin yake so."

Salamatou ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce to.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gidan ya cika har waje. Maza a tabarmi ta bakin ƙofa, mata a ciki, masu zemijan sun jera babura a layi. An ma taso Rachid a gaba an kawo shi, wai ya zo ya ga abin da ya jawo. Yana rakuɓe a gefe kamar ɓarawon da aka kama. Tun hantsi Salamatou take gaban tanda, tana barin kowace masa a wuta fiye da ƙa'ida, hayaƙi yana ba ta uzurin share ido.

Aka kira Malam Abdurrashid, mai jan salla a masallacin layin, aka ce masa sadaka ce. Sai da ya zauna ya tambayi wanda ya rasu, aka gaya masa. Malamin ya cire tabarau ya dubi taron.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah. Ni ma ina sauraro, ba zan ɓoye ba, kuma na ji zafi. Amma addu'a ba wasa ba ce. Wa zan roƙa wa gafara? Mutumin da ba shi da uwa ba shi da uba, ba a yi masa wanka ba, ba shi da kabari? Ku ci masarku, Allah ya ba da lada, amma ni ba zan ɗaga hannu a kan iska ba."

Ya fara laluben takalmansa. Aka soma gunaguni. Salamatou ta ga taron da mijinta bai samu ba yana shirin watsewa ba tare da ko fatiha ɗaya ta isa gare shi ba. Alkawari yana gefe guda, wannan yana gefe guda. Ta miƙe, ta ja mayafinta, ta tsaya daga bayan ƙofa inda maza za su ji ta.

"Malam, yana da kabari."

Malam ya juyo wajen ƙofar.

"Mman Karim, me kika ce?"

"Na ce yana da kabari. An yi masa wanka a ɗakin can. Kai ka sallace shi, ranar da aka yi ruwan nan."

Wani saurayi ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Wata ta raɗa cewa takaba ta taɓa baiwar Allah. Sai idanu suka koma kan Rachid. Hawaye na bin fuskarsa, ya gyaɗa kai.

Hamdiya ta dubi masar da ke hannunta mai ƙonannen gefe, ta dubi kwanon silba a gefen murhu, wanda ta sha yi wa Salamatou tsiya a kansa. Ta zauna a ƙasa daɓas. Wannan karon ba ta yi ihu ba. A hankali ta ce, "Kullum da safe yana wuce ni a ƙofar nan. Ban taɓa tsayawa ya ƙarasa gaishe ni ba."

Ba wanda ya yi dariya. Abin da Maigida ya ji tsoro bai faru ba, amma ba ya nan balle ya gani, wannan kuwa shi ya fi komai yi wa Salamatou ciwo.

Malam Abdurrashid ya ajiye takalman ya koma ya zauna. Ya ɗaga hannuwa, jama'a suka ɗaga. Ya yi salati, ya ce, "Allah ka gafarta wa bawanka..." sai ya tsaya. Ya juya ga na damansa. Na daman ya ce, "Mai Agogo." Malam ya girgiza kai, ya ce sunan yanka yake nufi. Aka dubi juna, tsofaffin da suka yi shekaru suna sahu ɗaya da shi, matan da suka zauna gida ɗaya da shi. Rachid ya buɗe baki, ya dubi Salamatou, ya rufe.

"Mman Karim," in ji Malam, muryarsa ta yi ƙasa, "ki yi haƙuri. Yaya sunansa?"

Tun ranar da aka kawo ta gidansa tana yarinya sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, ko a faɗa, ko a wasa, ko ita kaɗai a ɗaki. Ta buɗe baki. Sunan ya taso ya tsaya mata a maƙogwaro, jijiyoyin wuyanta suka tashi.

"A... A... Al..."

Hannuwa suna sama, masa tana hucewa a faranti. Ba wanda ya motsa, ba wanda ya ƙarasa mata. Duk Zongon da ke gidan nan suka tsaya suka jira.

"Alasan," in ji ta, sannan kukan ya zo.